Matsirgar Minnehaha da matattakalarta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban Gurara da damina, in ya zo nan Minneapolis ta Amurka aka kai shi matsirgar Minnehaha, murmushi zai fara yi. Tsayinta ƙafa 53 ne, wajen mita 16, da kaɗan ta haura rabin Gurara. Rafi ne da ya taso daga tafkin Minnetonka, ya yi tafiyar mil 22, ya faɗo nan, ya gangara kogin Misisipi.

Shiga kyauta ne, babu mai tare ku a ƙofa yana cewa a kawo na goro. Mota ce ke biya. Akwai na'urar biyan kuɗi a wurin ajiye motoci, lokacin da kuka saya na ƙarewa takardar tara za ta iske gilashi, kuma babu ma'aikacin da za a ce wa "yallaɓai, a duba mana". Gara a hau jirgin cikin gari na Blue Line a sauka a tashar 50th Street, tasha uku daga filin jirgin sama.

Abin da ke tsaya wa ɗan gida a rai shi ne matattakala. Taki sama da ɗari daga sama zuwa gindin ruwan, da ƙarfen riƙewa, da ganuwar dutse da aka gina tun shekarun 1930, lokacin da gwamnatin Amurka ke ba marasa aiki aikin gini. Yau kusan shekara casa'in, tsohuwa na sauka da sandarta. Mu kuwa can gida sai a tattare riga, a bi dutse mai santsi da silifa, yaro na riƙe da hannunka yana jiran ɗan abin sayen ruwa. A ci abinci a watsar da leda a wurin, a koma gida ana zagin gwamnati.

Da sanyi ya kama, sai a rufe matattakalar, don ƙanƙara ta mayar da ita tarko. Ruwan kansa yakan daskare ya tsaya kamar labule. Masu neman hoto suna tsallake shinge su shiga bayansa, 'yan sandan wurin kuma suna rubuta musu tara. Akwai dalili: dutsen saman mai tauri ne, na ƙasa kuwa dutsen yashi ne da ruwa ke ci a hankali, sai na sama ya rasa madogara ya ɓalle.

Banɗaki tsaf, amma babu buta, ku riƙe gorarku. Gidan cin kifin da ke wurin da zafi kawai yake buɗewa, layi kamar na mai, ana kuma sayar da giya. Babu mai tsire, babu mai gasa masara, wurin shiru har ya ishe ka.

Ku je kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama mai ƙarfi. Madatsa ce ke sakin ruwan daga tafkin, in an yi fari sai ku tarar da ɗigo kawai. A 1964 da Shugaba Lyndon Johnson zai kai ziyara, fari ya kusa ƙafar da rafin, sai da aka buɗe famfunan kashe gobara na gari suka zuba a ciki kafin a ɗauke shi hoto.