Malamin dabbobin da ya hana a yanka min akuya, amma ranar haihuwa ban gan shi ba

Tun ranar da akuyata ta miƙe matan unguwa ke ta tambayata wai malamin dabbobin nan mai yawo da babur da ake kira har gida nan Argungu ya iya aiki ko bai iya ba. Na gaji da ba kowa amsa ɗai-ɗai shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda muka yi da shi.

Akuyar ja ce irin tamu ta nan, da kuɗin adashi na saye ta kuma duk awakin da ke gidan nan in ba 'ya'yanta ba to jikokinta ne. Ciki ne da ita ya tsufa, ta shiga wata na biyar, kun dai san akuya kwana 150 take yi ko kusa da haka. Cikin ya yi girma ƙwarai har in tana tafiya sai ka ga tana rangaji. Ga zafin Afrilu, ga harawa ta yi tsadar da kowa ya sani, to gaskiya abin da muke ba su bai wuce ciyawar shinkafa da yara ke kwasowa fadama ba sai ɗan dusa da marece. Kwana uku kafin ta faɗi na lura ta fara ware kanta, in an zuba dusa sai ta sunsuna ta kau da kai, ƙafafun baya sun ɗan kumbura, na ce ai nauyin ciki ne. Ranar Litinin da asuba na fito alwala na iske ta kwance gefe ɗaya bakin rumfa tana tauna haƙora, na ɗaga ta ta zube, na sake ɗagawa ta sake zubewa kamar ba ƙashi a jikinta.

Na tura yarona shagon maganin dabbobi a kasuwa. Mai shagon ko tambayar ciki gare ta ko babu bai yi ba, ya zuƙo allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta da suke ce ma LA ya ba yaro ya ce a yi mata a cinya. An yi, cinyar ta kumbura, akuya na nan yadda take. Wannan mutumin ba zan ɓata lokaci a kansa ba, ko ciwon mi ka kai mishi LA ce.

Wayewar garin Talata Inna, uwar maigida, ta ce wagga dabba ba ta kai azahar, a kira barunje tun ba ta yi mushe ba. Barunje ya zo ya taɓa ta da ƙafa, da ƙafa fa, ya yi tayin da ko ɗan akuya yayayye bai saye. Maigida ya ce gara mu yanka mu ci da mu ba shi a haka, har an ɗauko wuƙa yaro na wasa ta a kan dutse, ni kuwa ina tsugune na ɗora hannu a cikinta ina jin 'ya'yan na motsi, wallahi hawaye kawai nake. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga ta ce mu dakata ga lambar wani malami mu gwada.

A nan kam dole in yaba mishi. Ko awa ɗaya ba a yi ba na ji babur ƙofar gida, maigida ya shigo da shi. Bai taɓa jakar allura ba sai da ya durƙusa gaban akuyar ya yi kusan minti 20 yana dubawa. Ya sa ma'aunin zafi a duburarta ya nuna min 39, ya ce Hajiya wanga shi ne daidai ga akuya, ba ta da zazzaɓi, to LA ta mi ce. Ya janye fatar idonta ta ƙasa ya ga ta ɗan yi fari ya ce akwai tsutsar ciki amma ba ita ta kayar da ita ba. Sai ya buɗe bakinta ya sunsuna, ya ce in matso in sunsuna ni ma. Wani irin wari ne mai zaƙi-zaƙi kamar ruwan nan da ake goge jan farce da shi. Ya ce to shi ne ciwon.

Bayanin da ya yi min har yau yana kaina. Ya ce mafi yawan girman 'ya'ya a ciki a sati shida na ƙarshe suke yin shi, in sun kai biyu ko uku sai su danne tumbin uwar ta kasa cin abin kirki, su kuma suna ta jan sukarin jininta, to in abincin ciyawar shinkafa ce zalla wadda cika ciki kawai take yi, jiki sai ya koma ƙona kitse, dattin kitsen nan ne ke taruwa a jini ya kayar da ita, shi ne ma warin da na ji. Kuma ya juya ya kalli maigida ya ce Alhaji ko kun yanka ta yau wanga nama bai ciwuwa, dabbar da aka yi ma LA sai ta yi sati uku zuwa huɗu kafin maganin ya bar jikinta. Inna ta yi shiru, yaro ya ajiye wuƙa. Ni mai shago bai gaya min haka ba, da tuni mun ciyar da yara.

Bai yi min daɗin baki ba kuma na ji daɗin haka. Ya ce akuyar da wanga ciwo ya riga ya kwantar da yawa ba su tashi, zai yi iyakar ƙoƙarinshi sauran na Allah ne. Ya sa mata ruwan gulukos ta jijiyar wuya a hankali, ya riƙe kwalbar kalsiyam a hannu har ta ɗan yi ɗumi sannan ya yi mata ƙarƙashin fata wuri biyu, ya ƙara da allurar bitamin B. Sannan ya gyara mata kwanciya da kanshi, ya naɗe ƙafafunta ƙarƙashinta ta zauna kan ƙirji, ya tokare ta da buhun ƙaiƙayi, ya ce kar a sake a bar ta shimfiɗe gefe ɗaya don cikinta zai kumbura da iska, kuma duk bayan awa biyu ko uku a juya ta ɗaya gefen a murza ƙafafun. Ya hana ɗura da kwalba, ya ce in aka ɗaga kanta sama aka tuttula ruwan huhu yake tafiya. Ya bar min sirinji babu allura in riƙa sa mata ruwan maɗi ta gefen baki kaɗan-kaɗan tana haɗiyewa. Ya karɓi buhun shinkafa ya huda wuri huɗu ya zura ƙafafunta muka rataye da igiya a azarar rumfa yadda kofatonta ke taɓa ƙasa, ya ce kamar minti 15 sau uku a rana, kar ya matse cikin. Abinci kuma ya ce ko bashi ne in ci in sayo harawar wake da ɗanyen ganye, duk abin da za ta yarda ta tauna a miƙa mata a baki.

Da la'asar ta karɓi ganyen dankali daga hannuna guda uku. Na kira ƙanwata a Birnin Kebbi ina murna kamar an yi min kyautar kujerar Makka. A ranar da za a ce in ba shi maki da na ba shi duka har da ƙari.

To amma ga inda ya ɓata min rai, kuma ina rubutawa abin na sake taso min. Kuɗin zuwa uku ya karɓa a dunƙule, ya ce Laraba da Alhamis zai dawo, kuma da bakinshi ya ce Hajiya in ta fara naƙuda ko ƙarfe nawa ne ki kira ni don ba ta da ƙarfin yunƙuri. Laraba ya zo, a tsaitsaye, ya yi allura ya wuce. Alhamis shiru. Na kira wayar na shiga ba a ɗauka, da marece ta daina shiga gaba ɗaya. Daren Juma'a wajen ƙarfe ɗaya naƙuda ta zo, akuyar da ko tsayuwa ba ta yi, ni da fitilar waya da maƙwabciyata, na kira shi ya fi sau goma sha biyar a kashe. Na farko da na biyu sun fito da ɗan taimako, na ukun kanshi ya lanƙwashe baya, muka yi ta fama har sai da aka taso wata tsohuwa da ta saba ta wanke hannu ta sa ta gyara shi, ya fito babu rai. Namiji ne, ja, shi ya fi su girma. Ban ce lallai da ya zo zai rayu ba, rai na Allah ne, amma alkawari ya yi min kuma kuɗina na hannunshi, in tafiya ta kama shi ai sai ya turo saƙo ko ya ba ni lambar wani abokin aikinshi. Kuma bai ce min komai ba game da yadda zan yi da 'ya'yan in uwar na kwance, tsohuwar nan ce ta ce maza a tatso dakashi a ba su tun a daren kar su kwana ba su sha ba, da sirinjin nan nashi muka ba su. Maganin tsutsar da ya ce zai kawo a ba ta bayan haihuwa shi ma sai da na aika aka sayo.

Ranar Lahadi da hantsi ina shara na ji kuka bayana, na juya na gan ta tsaye da ƙafafunta huɗu tana rawa-rawa, 'ya'yan biyu na cusa kai ƙarƙashinta. Na saki tsintsiya na yi ta hamdala. Abin da ya koya min ne ya tashe ta, wannan ba zan hana mishi ba, juyawar nan da buhun nan da harawar.

Sai Litinin ga shi ya zo, wai ya tafi wata ruga wajen Kangiwa shanu na mutuwa kuma babu netwok. Ya ba da haƙuri, ya duba cinyar da LA ta kumbura, ya tambaya ko mabiyiya ta faɗi duka na ce ta faɗi. Na ce Malam na yafe amma raina ya ɓaci, ya ce ya sani. In wata ta sake kwanta min shi zan kira don ban ga mai duba dabba kamarshi ba a nan, sai dai kuɗin rana ɗaya zan riƙa ba shi, kuma sai ya bar min lamba ta biyu kafin ya hau babur. Kuɗin zuwa ɗayan da ya rage ya ce zai cire a rigakafin PPR, ciwon nan na zawo da majina, irin wadda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wai zai zo ya yi ma garken duka kafin ruwa ya sauka. Yau kwana goma sha biyu ke nan, jiya ma an yi hadari gabas.