Agogon gadin ESP32 ya cancanci yabo

Abin da ya fi burge ni a ESP32, guntun na'urar da kamfanin Espressif ya fitar a 2016, shi ne yadda take kula da kanta idan manhaja ta maƙale. Ita ce ke kunna min famfon rijiyar burtsatse, kuma aiki ne da ba mai tsayawa a kansa.

Agogon gadi biyu ESP-IDF, kayan rubuta manhajar ESP32 na kamfanin Espressif, ke kunna maka tun farko, wato abin da masu sana'ar ke kira watchdog: agogo ne da ke ɗaukar mataki idan manhaja ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Na farko yana sa ido kan siginonin katsewa (interrupt), waɗanda ke dakatar da aikin da na'urar ke yi don ta kula da wani na gaggawa. Duk bugun agogon FreeRTOS, tsarin da ke raba wa ayyukan na'urar lokaci, sai an taɓa wannan agogon gadi, idan kuwa aka yi milisakan 300 shiru, ya san wani direba, wato manhajar da ke sarrafa wani kayan aiki, ya toshe katsewa ya ƙi sakinta. A nan ne aka yi dabara. Ba ya sake kunna na'urar nan take. Sai ya fara tada wata katsewa mai babban matsayi, ta buga bayanin inda aka tsaya. In wannan ma ya gagara, sannan mataki na biyu ya sake kunna ta da ƙarfi.

Na ga amfaninsa ƙiri-ƙiri. Wani direban na'urar auna ruwa da na ɗauko a intanet yana rufe katsewa, ya zauna jiran amsa, ga shi wayar ta yi tsatsa, amsa ba ta zuwa. Da na buɗe idf.py monitor, manhajar da ke nuna saƙonnin na'urar a kwamfuta, sai ga sunan fayil da lambar layin da ya maƙale a gabana. Wanda ya taɓa kwana yana neman dalilin mutuwar na'ura ba tare da wata alama ba, ya san darajar wannan.

Na biyun na ayyuka ne, wa'adinsa sakan 5. Ku kula da shi sosai: yadda ya zo, gargaɗi kawai yake bugawa, na'urar ta ci gaba a maƙale. Ga famfo wannan haɗari ne, tanki zai yi ta ambaliya. Sai ka shiga menuconfig, wurin saite-saiten ESP-IDF, ka kunna CONFIG_ESP_TASK_WDT_PANIC da hannunka don ya riƙa sake kunna na'urar, sannan ka yi wa aikin famfon rajista a wurinsa, domin ayyukan zaman banza na tsarin, waɗanda ke gudana idan babu wani aiki, kaɗai yake gadi idan ba ka ƙara naka ba.