Ɓangaren gaba ko na baya: wanne zan fara koya?

Masu shirin shiga harkar haɗa manhaja sun yi ta tambayata wannan. Amsar tana ga halinka.

Ɓangaren gaba shi ne abin da ido ke gani a shafin intanet ko manhaja, ana gina shi da harsunan kwamfuta HTML, CSS da JavaScript. Ka canza launin maɓalli, nan take ka ga ya canza, kuma wannan yana ƙarfafa gwiwar mai saurin karaya. Sai dai shafin da ya zauna daram a kwamfuta yakan wargaje a ƙaramar wayar Tecno, ka koma gyara.

Ɓangaren baya kuwa aikin ɓoye ne: harsunan kwamfuta irin su Python da SQL, da ajiyar bayanai. Kana iya wuni kana farautar kuskure ɗaya ba wanda ya sani. Haɗarinsa ya fi girma, domin sakaci kaɗan na iya tona kalmomin sirrin jama'a. Amma iliminsa yana daɗewa, tun shekarun 1970 ake amfani da SQL, alhali kayan aikin gaba ba sa daina sauyawa.

Kuɗin koyo kusan ɗaya ne: kwamfuta madaidaiciya da data, darussan freeCodeCamp, wani shafin koyarwa na intanet, kyauta ne.

Mai idon tsari da son ganin sakamako da wuri, gaba ya dace da shi. Mai haƙuri da son warware ƙulli, ya nufi baya.