Na gyara injin jirgina kafin in sayar, ga yadda ta kaya a Yawuri

Shekara shida ina jigilar mutane da buhunan shinkafa da albasa tsakanin Yelwa da ƙauyukan tsallaken kogin Kwara, da jirgin katako mai injin Yamaha doki 40. Injin bai ci amanata ba, tsufa ne kawai ya kama shi. Da safe sai na ja igiya har kafaɗa ta yi tsami kafin ya tashi, in an yi lodi kuma ya riƙa nishi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, shan man da yake yi ya fi komai ci mini tuwo a ƙwarya.

Da na yanke shawarar sayar da jirgin, sai na ce bari in fara kai injin a buɗe, ko kuɗinsa ya ɗaga.

Makanikin ya iya aiki, wannan ba zan tauye shi ba. Ya canza fistan biyun da zobbansu, ya sa sabon gasket da boris, ya sauya robar fanfon ruwa, ya wanke kabureta. Ya ce kwana huɗu, sai da aka yi sati biyu, wai kaya ba su iso daga Anacha ba. Amma ya tattara mini tsofaffin kayan a leda ba tare da na tambaya ba, ya kuma gargaɗe ni in ƙara baƙin mai a fetur, kada in murɗe wuta a kwanakin farko. Yanzu ja ɗaya ko biyu ya tashi.

Sai aka zo ciniki. Ina cewa an gyara inji, dillali ya ja ni gefe: “Alhaji, daina faɗa da ƙarfi. Mai saye in ya ji an buɗe, lalacewa yake ji, ba gyara ba.” Na ɗauka wayon dillalai ne. Ashe gaskiyarsa. Mutum biyu suka taya ƙasa da abin da aka taya mini kafin gyaran, ɗaya har yana cewa gara ɗan Beljiyam da ba a taɓa kwance masa ƙusa ba.

Na ukun wani dattijo ne Basarke daga wajen Wara. Bai ma kalli injin da farko ba, gindin jirgi ya shiga ƙwanƙwasawa yana duba katako da faci. Daga nan ya ce a zuba buhu ashirin a hau ruwa. Muka nausa gaba da igiyar ruwa, kunnensa na kan ƙarar inji, idonsa na kan ruwan sanyaya inji da yake tsartuwa ta baya. Da muka dawo na zazzage masa ledar nan da rasit, ya juya tsohon fistan a hannu, ya ce, “To, ɗana, yanzu mu yi magana.”

Abin da ya ƙara mini bai kai rabin kuɗin gyaran ba, ga la’adar dillali. Na sallama. Jiya na hango jirgin ya nufi tsallake cike da albasa, ko tari injin ba ya yi.