Buhun PICS mai ciki uku, abinda na gani bayan shekara biyu ina zuba wake

Salamu alaikum yan uwa. Na dade ina son yin magana akan buhun nan da ake ce ma PICS amma nace bari sai na kwance na karshe na gani da idona tukunna.

Ni a Marwa nake nan Kamaru, kosai nake soyawa da safe, muna da yar gona ta hanyar Mokolo maigida na shuka dawa ni kuma ina bin tsakani da wake. Duk mai noma a nan ya san yadda damina ta koma, ruwa ya sauko a Yuni ka yi shuka sai ya dauke sati biyu ko uku, ko kuma ya zo gaba daya irin na 2024 da ya cinye gonakin mutane a Yagwa da Kusiri. Dawa takan ba mu kunya amma wake yana nuna da wuri, ko ruwa ya dauke a Satumba ba a rasa na kaiwa gida. Toh a daki ne asarar take. Wata biyu da sussuka ka sa hannu a buhu ka ji dumi, ka debo ka ga duk ya huhhuje gari na zuba kwari na bin yatsunka, in ka nika kullun ma baya tashi ga wari. Dole mu sayar da kaka lokacin da wake bashi da daraja, Yuli da Agusta kuma in dauki kwano in koma kasuwa in saya da tsada. Wlh abin nan ya dade yana ci min rai.

Da can kwayar magani muke nadewa a tsumma mu cusa a buhu. Tun daren da autana ya kwana yana amai a dakin da buhunan suke na ce ni da ita har abada.

Wani malamin gona ne ya nuna mana buhun. Leda biyu ne masu kauri a ciki sai buhun saka a waje, akwai na kilo 50 akwai na kilo 100. Ba magani ko kadan a cikinsa, iska kawai yake tarewa. Shi kwaron tun a gona yake yin kwai a jikin wake, tare kuke dawowa gida da shi, in ka daure ledar sai ya shanye yar iskar da ta rage ya mutu. Abinda ya kara min dadi ma ashe nan kasarmu aka fara gwada dabarar, masu bincike na cibiyar binciken noma ta IRAD a Marwa da na jami'ar Purdue ta Amurka tun karshen shekarun 1980, daga baya a 2007 aka fara yada shi a kasashe da sunan PICS.

Uku na saya a shekarar farko. Na shanya waken sosai a tabarma har sai da na ciza naji kas, na sheke na tsince kara da tsakuwa dan kar su huda ledar. Daurin ne akwai aiki gaskiya, kowace leda daban ake daurewa, ka matse iska ka murde bakin ka lankwasa sannan ka daure da igiya, sai ta biyu, sai na waje, ni kadai ban iya ba sai da maigida ya rike min. Mun daure a Nuwamba ban taba ba sai Yuli. Ranar da zan kwance gabana har faduwa yake, Goggo na tsaye a kaina tana cewa yar nan Allah yasa ba kudinki kika zubar ba. Na sa hannu har gwiwar hannu na debo daga kasa, wake fari tas sanyi kalau, yan kwari kadan a saman su ma matattu. Goggo ta debi nata ta kulle a bakin zani tace iri zata yi, kuma ya fito mata.

Buhu biyu kenan da suka fito lafiya haka. Na ukun bera ne ya shiga ta gindi dan na jingina shi da bango a kasa, iska na shiga kwari suka farfado, rabinsa sai akuya. Yanzu akan katako nake dorawa nesa da bango, ina share wajen kullum.

Sai kuma na jabu, dan Allah ku kula. Bara na ga mai araha wajen wani dan kasuwa na karo daya, ledar sirirya kaman ta kunshin gishiri, ina cikin zubawa ta tsage. Kafin ki biya kudi ki bude ledar ki cika ta da iska ki matse bakin ki danna, in tana sacewa ki ajiye masa abinsa. Haka nake gwada tsofaffin nawa ma, biyun farko sun sake yi min shekara lafiya lau. Kuma ba buhun budewa kullum bane, na ci ki ware shi daban a roba.

Kudinsa ya fi na buhu gama gari nesa ba kusa ba, kuma da kaka ake bukatarsa lokacin da hannu ba komai, a kauye ma samunsa wahala sai an shigo gari. Amma ni abinda na tsira da shi a Agusta guda ya biya min har da riba, ban sayi ko kwano daya na kosai ba har sabon wake ya shigo.

Bana in Allah ya kaimu zan gwada da masakwa, dawar rani, idan an yanke a Fabrairu. Goggo ma ta riga ta bani kudin guda biyu in sayo mata.