Kwas ɗin koyon shigar da jirgin ruwa tasha a Hamble: ya cancanci kuɗinsa?

Ƴan uwa da ke zaune a kudancin Ingila sun dame ni da tambaya kan kwas ɗin ƙarshen mako da nayi a wata makarantar koyon tuƙin jirgin ruwa mai filafilai a kogin Hamble, kusa da Southampton, to ga abinda na gani. Makarantar na cikin waɗanda hukumar RYA, wato Royal Yachting Association mai kula da horon tuƙin jiragen ruwa na nishaɗi a Birtaniya, ta amince dasu, kuma kwas ɗin ba na yawo a teku bane, aikinsa ɗaya ne kawai, yadda zaka shigo da jirgi tasha ka ɗaure shi ba tare da ka fasa na wani ko ka karya ma wani ƙafa ba.

Jirgin da muka yi amfani dashi tsawonsa wajen mita 11 ne, nauyinsa ya kai tan 6 ko fiye, kuma abu na farko da malamin ya fara dasa mana a kai shine wannan abu bashi da birki. Tun kafin a shigo kogin an sauke filafilai an tada inji, dokar Hamble ma bata yarda ka wuce not 6 ba, wajen kilomita 11 a awa kenan, amma kusa da dandamalin tsayawa ko rabin haka yayi yawa. Sai dai kuma in ka rage gudu fiye da kima sitiyarin ya daina jin magana, iska ta kwashe kan jirgin ta kai shi inda taga dama. Tsakanin waɗannan biyun ake neman gwaninta, kuma a nan ne naga kuɗina sun yi aiki, don malamin bai taɓa ƙwace sitiyari a hannun kowa ba, yana tsaye a bayanka yana cewa sa giya, maida firi, jira, jira, ɗan taɓa ribas.

Ribas ɗin nan ma wani karatu ne. Farfelar jirginmu in ka sa ribas sai ta ja gindin jirgin zuwa hagu, to maimakon kayi ta faɗa da ita sai ka zaɓi gefen da jan zai manna ka da dandamalin. Ga kuma ruwan Hamble da ƙarfin tsiya in yana janyewa zuwa teku, shi yasa kullum ake so ka fuskanci ruwan da ke tahowa, shi zai riƙe maka jirgin.

Amma wallahi abinda yafi burge ni ba tuƙin bane, yadda malamin yake tsara mutane ne. Tun muna nesa, bayan an kira tasha a rediyon oba-oba layi na 80 an ji lambar wurin da gefen da zamu ɗaura, sai ya tara mu ya raba aiki da suna: ke igiyar gaba, kai ta baya, kai ta tsakiya, ke kuma ki riƙe fenda ɗaya, robar nan mai iska da ke hana jirgi gogewa, a hannu kina bin duk inda jirgin zai goga. Sauran fendojin an riga an rataye su daidai tsayin dandamalin. Ba wanda zai yi tsalle, daga tsakiyar jirgi ake sauka da taku ɗaya in an matso sosai, kuma duk wanda ya sauka ya fara naɗa igiya a ƙarfen ɗauri kafin ya ja, don ba ƙaton da zai tsaida tan 6 da ƙarfin damtse. Hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da dandamali kuwa, a nan kaɗai naji ya ɗaga murya, kuma gaskiyarsa ne, fenti ana sake shi, hannu ko ƙafa kuwa ba a sakewa. In shigowar bata yi kyau ba sai yace a fita a sake zagayowa, ba tsawa ba kunyatarwa, ni inaga wannan kaɗai ya bambanta su da masu koyarwa da ihu.

Inda suka gaza kuma zan faɗa. Mu ɗalibai biyar ne a jirgi ɗaya, iyakar abinda RYA ta yarda dashi kenan, to lokacin da kowa ke samu a sitiyari kaɗan ne ga kuɗin da ba na wasa ba, da huɗu ne da yafi. Abinci kuma na rubuta musu tun wajen rajista cewa bana cin naman alade, amma saƙon bai isa jirgi ba, da burodi da cuku na wuni. Ka tafi da naka kawai. Sallah ba matsala, ina faɗa ma malamin ya bani wuri a ɗakin ciki lokacin da muka ɗaure.

Suna bada rigar kariya daga nutsewa da kayan ruwan sama, amma safar hannu da takalmi mara santsi naka ne, kuma sanyin kan ruwa ba irin na cikin gari bane ko da rani, ka ninka riguna. Wanda bai taɓa hawa jirgi ba gara ya fara da Competent Crew, kwas ɗin RYA na sababbin shiga na kwana 5, tukuna, don a wannan da nayi ana ɗauka ka riga ka iya ƙulla igiya. In kuma ka iya, kayi ƙoƙari ku haɗa kanku ku huɗu ku nemi a baku jirgi ɗaya, ku kuma tambayi ranar da ruwa ke da ƙarfi, ranar ce ake koyon abin sosai.