Ido ya yi hakiya ko ya mutu: wane gyara za ka zaɓa?

Mai hakiya ya san yadda gaisuwa take kasancewa. Idon mutum ya sauka a kan farin tabon, sai ya yi wuf ya kawar da kai kamar bai gani ba. Wannan kawar da kan ya fi kallon ciwo. Shi ya sa wasu ba sa cire baƙin tabarau ko da dare, in an zo ɗaukar hoto kuma su zame. Gyara yana nan, sai dai kama yake gyarawa, ba ya dawo da gani.

In ƙwayar idon tana nan da girmanta, fari ne kawai ya rufe ta, fara da ɗan gilashin nan mai laushi, mai launi, da ake manna wa ido. Babu tiyata, in bai yi maka ba ka cire. Amma yana son tsafta: ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo. Mai ƙyuya ya haƙura.

Akwai kuma zuba launi a cikin hakiyar, kamar zanen fata. Tun zamanin Galen, wani likita Bagirke, a ƙarni na 2, ake yin sa. Launin yakan kode, kuma ni ba zan kai lafiyayyen ido wurin ba don neman ado.

In idon ya ƙanƙance ya shige ciki, ana yin siririn murfi a ɗora a kansa. In an cire shi gaba ɗaya, sai idon roba ko na gilashi, bayan gurbin ya warke, wajen mako 6 zuwa 8. Na gilashi ana yin sa a garin Lauscha na Jamus tun 1835. Yana da ƙyalli kamar na gaske, amma in ya suɓuce wajen wanka shi ke nan, kuma hawaye na cin fuskarsa, bai cika wuce shekara biyu ba. Na roba ya yaɗu ne da Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke gilashin Jamus. Yakan kai shekara 5, a riƙa goge shi duk shekara.

Inda aka fi yin nadama shi ne ɗaukar na ciro-ka-saka saboda arha. Yakan zauna a karkace, ya yi ta tara kwantsa. Wanda aka auna gurbinka aka yi, mai zanen yana zaune yana duban ɗaya idon, har jajayen jijiyoyi yana shimfiɗawa da zaren siliki, shi ne wanda sai ka faɗa a sani.

Kowanne ka zaɓa, haɗa da farin tabarau marar fashewa. Yana kare idon da ya rage, yana kuma ɓoye ɗan bambancin motsi. Fari a tsakiyar idon ƙaramin yaro kuwa ba na kwalliya ba ne, yana iya zama ciwon daji (kansa); a kai shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba.